Tukunya Cikin Tukunya: Sanyi Ba Tare da Lantarki Ba

In ana lissafa kayan girki, turmi da taɓarya, wuƙa, muciya da ludayi ne kan fara zuwa baki. Amma kayan miyan da suka ruɓe kafin su kai murhu, babu gwanintar da za ta cece su. Shi ya sa mazubin adana abinci ya cancanci matsayi ɗaya da tukunyar tuwo, musamman inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jihar Jigawa, ya yaɗa wata dabarar adana abinci da ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar, iska na busar da shi, zafin ciki na bin sa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir, tattasai da gauta sai su ƙara kwanaki lafiya lau.

Wasu za su ce ai ba ta kai firji ba. Haka ne: ba ta daskarar da nama, kuma da damina, iska na ɗauke da laima, sanyinta kan ragu. Sai dai a tsananin zafin bazara, lokacin da kayan miya suka fi saurin lalacewa, a nan ta fi aiki, kuma ba ta cin kuɗin mai ko na wuta. Uwargida, a ajiye ta a inuwa mai iska, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma.