WAI MATAR GIDA BA TA AIKIN KOMAI?

Yau maganarmu a kan wata kalma ce wadda ta zama ruwan dare a bakin maza. In an tambayi mutum sana'ar matarsa, sai ya ce, "A'a, ba ta aikin komai, tana gida." To, bari mu ƙidaya wannan komai ɗin mu gani.

Tun kafin kiran assalatu ta tashi ta hura wuta. Ta ɗora ruwan wanka, ta dama kunu, ta share tsakar gida, ta wanke kwanonin daren jiya, ta shirya yaran makaranta. In a ƙauye take, ga surfe ga daka ga tankaɗe, wani wurin har da zuwa rijiya da neman itace. Kafin ta sauke na rana lokacin na dare ya yi, ga goyo a baya, ga wanki yana jira. A tsakanin haka ne za ta soya ƙosai ko ta yi ƙuli-ƙuli don ta sami na sabulu da na biki. Maigida ya dawo ya huta, ita kuwa sai kowa ya kwanta.

A 2018 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta lissafta irin wannan aiki da ba a biyan ladansa. Ta tarar a duniya mace na yin awa 4 da minti 25 kowace rana, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Watau kashi uku cikin huɗu na aikin yana kan mata. Da a ce hayar mutane za a yi, da sai an biya mai dafuwa, da mai wanki, da mai reno, da mai jinya, kowa da albashinsa.

Abin da ya sa muka tsaya kan wannan lissafi shi ne, aikin da ba a gani ba a gode masa, sai ranar da ya ɓaci. Tuwo ya yi kyau kwana 300 ba wanda ya ce sannu, ranar da ya ƙone kuwa sai a ɗaga hannu. A binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijeriya a 2018, an tambayi mutane ko miji na da ikon dukan matarsa saboda ɗayan abubuwa biyar: in ta ƙona abinci, in ta yi sakaci da yara, in ta yi masa gardama, in ta fita ba ta gaya masa ba, ko in ta ƙi shimfiɗarsa. Cikin maza 100, mutum 21 suka ce i. Cikin mata 100 kuwa, 28 suka ce i. Ku duba da kyau, mu muka fi su yarda da a doke mu! Binciken ya kuma nuna cewa cikin matan da suka taɓa aure, kashi 36 cikin 100 sun sha duka, ko tilastawa, ko cin mutunci daga hannun miji.

Daga ina muka koyi wannan? Daga ɗakin iyayenmu. Yarinya 'yar shekara bakwai tana wanke-wanke, wanta yana wasan ƙwallo a waje, in ya dawo ita za ta kawo masa ruwa. In ya ɗauki tsintsiya sai kakarsa ta ce, "Ajiye, kai mace ne?" In ya mari ƙanwarsa a ce ai babba ne. Yaron nan shi ne angon gobe. Sa'an nan ranar kai amarya, huɗubar duka ɗaya ce: yi, na yi, bari, na bari. Shi kuwa ango ba mai zaunar da shi ya gaya masa nasa.

Wasu za su ce ai addini ne ya ce haka. To, mu koma ga malamai. A Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, an bayyana cewa in miji mai hali ne, matar kuma irin wadda aka saba yi wa hidima ce, wajibi ne ya samo mata mai aiki. In ba haka ba, abin da ke kanta hidimar cikin gida ce, kamar kwaɓa gari da shara da gyaran shimfiɗa. Kaɗi da saƙa don a sayar ba ya cikin wajibinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya fi haka tsanantawa. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi mazan da ke barin matansu cikin jahilci, suna mora su kamar kayan ɗaki har su lalace a yar, suna ɗora musu girki da wanki, ba su koya musu abin da Allah ya wajabta ba. Kuma Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida, bai kuwa taɓa dukan mace ko ɗan aiki da hannunsa ba.

Masu kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i su ma su tuna malamai sun yi mata iyaka. Sai bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa, kuma ba a fuska ba, ba mai barin rauni ba, har aka misalta shi da taɓawa da asawaki. Ina wannan ina kumbura ido saboda gishiri ya yi yawa a miya? A mazhabar Malikiyya ma, matar da ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita tana iya neman a raba auren, ba tare da ta mai da sadaki ba. Mata da yawa ba su san wannan ba, sai su je su fanshi kansu da hul'i, su bar haƙƙinsu.

A ɓangaren dokar gwamnati ma an sami canji. Dokar Penal Code ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959, a sashe na 55 ta ba miji damar horon matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, in al'adarsu ta yarda da haka. A 2015 aka sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta yanke wa mai dukan abokin aurensa ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyu. Ta fara aiki ne a Abuja, daga baya jihohi suka riƙa karɓa, kamar Kaduna a 2018. A 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya nemi a yi dokar iyali da za ta tsawata wa masu dukan mata.

Amma doka tana ofis, ba ta kwana a gidan kowa. Wanda ya fi kusa shi ne uwa da uba. Iyaye, in 'yarku ta yi yaji ta zo da fuska a kumbure, kada ku ce "yi haƙuri, mu ma haka muka zauna," ku sa ƙeyarta gaba kafin magariba. Ku kai ta asibiti, ku ajiye takardar likita, ku kira waliyyai da shaidu, kada a yi biko sai da sharaɗi a gaban manya. Maƙwabciya, in kin ji ihu ta katanga, ki taso da maigidanki ku yi sallama. Uwar miji, ki tuna ke ma 'yarki tana gidan wani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ku kuma magidanta da ke leƙa wannan fili, mun san kuna leƙawa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a cire haƙori a yar. Riƙe jariri har a sauke tukunya bai taɓa rage wa kowa girma ba.

Mu kuwa mata, gobe da safe mu miƙa wa ɗa namiji tsintsiya kamar yadda muke miƙa wa 'yar'uwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.