Wi-Fi ya haɗu amma babu intanet: Ina matsalar take?

Alamar Wi-Fi ta cika a saman waya, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Ga mai sayar da kaya ta intanet, wannan na iya jawo asarar ciniki.

Cikar alamar tana nufin waya ta haɗu da rauta ne kawai, ba wai rautar ta samu intanet daga kamfani ba.

Da farko a gwada wata wayar. Idan ta buɗe shafi, matsalar daga wayar farko take, sai a goge sunan Wi-Fi ɗin a sake haɗawa. Idan duka biyun suka ƙi, a kashe rautar na daƙiƙa 30, sannan a kunna.

Idan rautar mai layi ce, a duba ko data ta ƙare. A Najeriya ana iya saka layin a waya a danna *323#. Haka kuma kamfanoni na rufe layin da ba a haɗa shi da NIN ba.

Wani lokacin laifin DNS ne, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google yakan magance hakan.

Kada a yi gaggawar danna maɓallin Reset, domin yana goge duk saitin rautar.

Matsalar kan zo daga nesa ma. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, ta kawo cikas ga intanet a Najeriya da Ghana. A irin wannan yanayi, sai dai a jira kamfani ya gyara.