Harafin Ƙ a Cikin Kwamfuta: Lamba, Bayit da Ƙidayar Sha Shida

Manomin shinkafa a Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonakin rani, ba ya rikita ƙasa da kasa. Ta farko ita yake nomawa, ta biyun kuwa macijiya ce. Amma sau da yawa idan aka tura rubutu daga wata kwamfuta zuwa wata, sai ƙasa ta fito Æ™asa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilin haka.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, lambar k ita ce 107, ta ƙ kuwa 409. Masana sukan rubuta lambobin nan da ƙidayar sha shida, watau 0 zuwa 9, sannan A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. A wannan ƙidaya 107 ita ce 6B, 409 kuma 199, domin 256 da tara sau 16 da 9 sun tashi 409.

To, ma'aunin da kwamfuta take awo da shi, watau bayit, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, wato FF. Saboda haka k ta shiga bayit guda ta zauna, ƙ kuwa ta yi masa yawa. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, sai ya raba ta gida biyu, C6 da 99, tare da alamar cewa tafiyarsu ɗaya. Manhajar da ta ɗauka kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, bisa tsohon tsarin Windows-1252, ita ce take karanta C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™. Harafin yana nan bai ɓata ba, karatun ne ya karkace. Wanda kuma ya haɗa C699 ya ɗauke ta lamba guda, 50841 zai samu, ba 409 ba.

Abin takaicin shi ne magatakarda da dama sukan gudu wa wannan wahala ta hanyar zubar da lanƙwasar baki ɗaya, har Ɗanladi ya koma Danladi a rajistar manoma, alhali zaɓen UTF-8 wajen adanawa da wajen buɗewa ya wadatar.