Kwanakin jiran shari'a: wa zai ƙirga wa ɗaurarre?

Duk wanda ya ratsa ta ƙofar gidan kaso na Maraɗi da hantsi yakan ga iyaye mata da ƙanne riƙe da kwanonin abinci, wasu daga Tsibiri, wasu daga Jiratawa, suna jiran a kira sunan nasu. Tambayar da ta fi yawa a bakinsu ita ce: "Yaushe zai fito?" Amsarta tana cikin wani ɗan lissafi wanda duk mai ilimin yaƙi da jahilci zai iya yi da alƙalami da takarda, ga shi kuwa rashin saninsa yana iya sa mutum ya kwana watanni a ɗaure bayan wa'adinsa ya cika.

Ga ƙa'idar. In alƙali mai bincike ya sa aka tsare mutum kafin a yi masa shari'a, daga baya kotu ta yanke masa ɗauri, to kwanakin da ya riga ya yi a tsare ana cire su daga cikin hukuncin. Wannan ƙa'ida ta shiga dokar Faransa a shekara ta 1892, kuma Nijar ta ɗauke ta lokacin da ta tsara kundin dokokin hukunta laifi da na tafiyar da shari'a a 1961. Saboda haka cire kwanakin nan hakki ne na ɗaurarre, kamar yadda mai bashi yake rage abin da aka riga aka biya shi.

Mu ɗauki misali. Wani manomi na Jiratawa an kai shi gidan kaso ran 10 ga Janairu bisa zargin satar tumaki. Shari'arsa ba ta zo ba sai ran 10 ga Satumba, aka yanke masa shekara 1. Ya riga ya yi wata 8, saura 4, sai ya fita cikin Janairu mai zuwa. Amma da yake Jiratawa tana ƙarƙashin Madarumfa, kamar yadda Tsibiri take ƙarƙashin Gidan Rumji, sai ya zamana an fara tsare shi a can, daga baya aka maido shi Maraɗi cikin watan Mayu. In magatakarda ya ɗauki ranar isowarsa Maraɗi a matsayin farkon lissafi, wata 4 sun salwanta ke nan, damina ta gaba kuma tana iya samun gonarsa ba a share ba.

To, ina za a kama gaskiya? Ranar da ake dubawa ita ce wadda ke kan takardar da alƙali ya sa wa hannu don a tsare mutum, wadda ake ce wa mandat de dépôt da Faransanci. Kowane gidan kaso yana da babban littafi, registre d'écrou, inda ake rubuta ranar shigar kowa da dalilin tsare shi. Abin da ya kamaci dangi tun ran farko shi ne su rubuta wannan rana, da sunan kotun, da ranar kowane canjin wuri, su adana kamar yadda suke adana takardar haifuwa.

In an ga lissafi bai daidaita ba, sai a fara da ofishin magatakardan gidan kaso, domin sau da yawa kuskuren alƙalami ne da za a gyara nan take. In bai gyaru ba, sai a rubuta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato procureur, domin shi ke da alhakin zartar da hukunci. In nan ma an ci gaba da saɓani, tsarin shari'ar da muka gada ya mai da maganar ga kotun da ta yanke hukuncin. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don agaza wa talaka a gaban shari'a. A lura kuma da maganar tara: wanda bai biya ta ba ana iya tsare shi saboda ita, wannan kuwa lissafi ne dabam.

Ita kanta tsarewar jiran shari'a an yi mata iyaka. Gyaran dokar da aka yi a 2003 ya sa wata 6 ga ƙananan laifuffuka, ana iya sabuntawa sau ɗaya, da wata 18 ga manyan laifuffuka, ana iya ƙara 12.

Wannan damuwa har manyan ƙasashe ba ta bari ba. A Amurka, inda gwamnatin tarayya take da gidajen kasonta dabam da na jihohi, Kotun Ƙoli ta yanke a 1992, cikin shari'ar Wilson, cewa hukumar gidajen kaso ta tarayya ce za ta lissafta kwanakin, ba alƙalin da ya yanke hukunci ba. Ɗaurarren da bai gamsu ba sai ya kai kuka ga shugaban gidan, sannan ofishin yanki, sannan babban ofishi a Washinton, kafin ya shigar da ƙara gaban alƙalin tarayya na yankin da yake tsare. Kwanakin da aka riga aka cire masa daga wani hukunci kuwa ba a sake cire masa su. Can da nan tsani ɗaya ne: a fara da mai riƙe da littafi, a ƙare ga alƙali, kuma mai takarda a hannu shi ake saurara.

Muna kira ga ma'aikatan shari'a da su tabbata ranar tsarewa ta farko ta bi ɗaurarre duk inda aka kai shi. Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, in maƙwabci ya ce an kama ɗansa, ku tambaye shi ranar, ku rubuta masa ita.