Kula da keke a lokacin ɗari

Da zarar an gama girbi an kai damman hatsi rumbu, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ɗauke da sanyi da ƙurar hamada. Daga watan disamba zuwa na fabrairu, nan ne keke ya fi shan wahala, nan ne kuma muka fi bukatarsa. Tun bayan farin 1984, da gwamnati ta ƙarfafa noman rani, aikin garka ya bunƙasa a wurare irin su Galmi, Jiratawa, Mirriya da Matamaye. Keke ne ke kai mutum garka da asuba, shi ke ɗaukar tumatir da salati zuwa kasuwa, shi ne kuma ke kai yaro gidan likita idan ciwo ya taso cikin dare. Ranar da sarƙa ta tsinke a tsakiyar daji, tumatir ba ya jiran mai gyara, balle marar lafiya. Don haka, ƴan'uwa manoma, ya kamata mu san abubuwan da ke cin keke a wannan lokaci.

Ƙura da sarƙa

Babbar abokiyar gabar keke a lokacin ɗari ita ce ƙura. Da yawanmu mukan tsiyaya wa sarƙa baƙin mai har ya riƙa ɗiga, muna zaton gata muka yi mata. Alhali idan ƙura ta haɗu da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa: tana cin sarƙa, tana cin haƙoran farantin gaba da na baya, har wata rana sarƙar ta soma zamewa. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, da dauɗarsa yake zuwa. Man gyaɗa shi ma bai dace ba, domin yakan daskare ya yi danƙo.

Ga yadda ya kamata a yi, sau ɗaya a mako. A zuba kananzir kaɗan cikin gwangwani, a wanke sarƙa da tsohon buroshi, a share ta da tsumma, a bari ta bushe. Sannan a ɗiga sabon man inji, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, a juya feda ya shiga ciki. Daga nan a sake goge bayan sarƙar sarai, domin man da ya shiga cikin gaɓoɓi shi ke aiki, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira. A duba kuma ɗaurinta: idan an taɓa tsakiyarta, kada motsinta ya wuce faɗin yatsa ɗaya.

Akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a cibiyar kowace ƙafa da wurin da feda ke juyawa. Idan an ji suna ƙara kamar ana tauna tsakuwa, rairayi ya shiga. A kai wa mai gyara ya kwance, ya wanke, ya sa sabon giris, a farkon ɗari da kuma ƙarshensa.

Taya da ƙaya

Sanyin dare yana rage ƙarfin iskar da ke cikin taya. Kafin a ɗora kaya da safe, a danna taya da babban yatsa. Idan ta lotsa, a ƙara iska. Taya mai laushi a ƙarƙashin buhun albasa takan matse robar ciki a jikin ƙarfe ta huda ta wuri biyu. Ga kuma tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, waɗanda suka bushe suka warwatsu a kan hanya. Dabara mai sauƙi ita ce a tsaga tsohuwar robar ciki a shimfiɗa ta tsakanin taya da sabuwar. Kada a fita nesa ba tare da famfo da kayan faci ba. A kiyaye kuma kada mai ko kananzir su taɓa taya ko robar birki, domin suna lalata roba, suna hana birki kamawa.

Gishiri da tsatsa

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, irin su Kanada da Faransa, ana watsa gishiri a kan hanya don ya narkar da ita. Masu keke na can sun san ruwan gishirin nan ke jawo tsatsa, shi ya sa suke ɗauraye kekunansu bayan sun dawo gida. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna ɗora wa keke takin zamani, kanwa da gishiri, mu kuma jingine shi a bakin rijiyar garka inda ruwa ke fantsama. Aikinsu ɗaya ne a jikin ƙarfe. Idan an sauke irin wannan kaya, a goge keke da jiƙaƙƙen tsumma, a bi shi da busasshe. Da dare a shigar da shi zaure ko ɗaki, a rufe shi da tsohon buhu, nesa da wutar jin ɗumi.

Lafiyar mahayi

Ranar da hazo ya sauka, direban babbar mota a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi. A gyara fitila da ƙararrawa, a tabbata jan madubin baya yana nan, a sa tufa mai haske, a kuma bi gefen hanya. A rufe hanci da baki da rawani saboda tari da mura, a shafa man kaɗe a hannu da ƙafa saboda kaushi. Idan an goya yaro, a lulluɓe masa ƙirji da kunnuwa, a kuma lura kada ƙafarsa ta shiga wayoyin ƙafar baya.

Duk wannan aiki bai fi na rabin awa a mako ba, kuɗinsa kuma bai kai na sabuwar sarƙa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mu ware yammacin jajibirin kasuwa don duba kekunanmu, mu kuma koya wa yaranmu, tun da su ne suka fi hawa. Allah ya ba mu rani mai albarka.