Gubar Dalma: Tsakanin Ƙwayar Magani da Kwanon Abinci

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka shiga ƙauyukan Zamfara suna bibiyar cutar sanƙarau, sai suka tarar da wani abu daban. Yara ƙanana na ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai. Ashe gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida a Dareta, Yargalma, Abare, Sunke da maƙwabtansu, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba ya rasu cikin shekara guda.

Mazaunin Zongo a Yamai zai iya cewa wannan labarin ƙauye ne, na can ƙetaren iyaka. Amma dalma tana da hanyoyinta na birni: kwallin da ake niƙawa daga baƙin dutse mai ƙyalli ana sa wa jarirai, tsofaffin baturan mota da ake farfasawa, tsohon fenti, da tukwanen da ake zubi da tarkacen ƙarafa, waɗanda binciken da aka yi a Kamaru ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci. Ga kuma samarinmu da ke tafiya haƙar zinariya su dawo da ƙura a tufafinsu. Idan gwajin jini ya nuna yaro ya kamu, iyaye kan rabu biyu. Wasu sun dogara kacokan ga ƙwayar asibiti, wasu kuma suna cewa nono da zogale sun isa su wanke jini.

Maganin da aka fi bai wa yaran Zamfara shi ne DMSA, ƙwaya ce da ake haɗiya, ko a buɗe ta a zuba garin cikin kunu kaɗan. Aikinta ta damƙi dalmar da ke yawo cikin jini, ta fitar da ita ta fitsari. Bisa ƙa'idar da aka saba, zagaye ɗaya kwana 19 ne, sau uku a rana na kwana 5, sannan sau biyu na kwana 14. Wanda gubar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya fita hayyacinsa, ta jijiya ake ba shi wani maganin, EDTA mai ɗauke da kalsiyam. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun ce a ba yaro irin wannan magani idan dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita. A ƙauyukan nan biyu, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai wannan mizani, na'urar awon kuwa iyakarta 65, da yawansu sun wuce abin da take iya karantawa. A irin wannan hali babu abincin da zai maye gurbin ƙwayar. Duk wanda ya ce tafarnuwa ko wani jiƙo zai fitar da dalma daga yaron da ke jijjiga, da ran yaron yake wasa.

Abinci ba ya fitar da dalmar da ta riga ta shiga. Hana ta shiga yake yi. Hanjin ɗan Adam ba ya bambance dalma da kalsiyam ko sinadarin ƙarfe sosai, ta ƙofa ɗaya suke wucewa. Jikin da ke ƙishin waɗannan biyu yakan buɗe ƙofar nan gaba ɗaya, sai dalma ta afka. Shi ya sa yaro mai ƙarancin jini ya fi ɗan'uwansa ƙosasshe tsotsar gubar, ko da ƙasa ɗaya suka yi wasa a cikinta. Dama yaro na tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa, kuma cikin da ba komai ya fi cikakke janta. Yaron da ya fita wasa tun safe bai karya ba, ya sa hannu mai ƙura a baki, shi ne ya fi shiga haɗari.

Abin daɗi, abin da ake buƙata yana kasuwanninmu. Kalsiyam na cikin nono, kindirmo, cuku, garin kuka, zogale da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu. Sinadarin ƙarfe na cikin hanta, jan nama, wake da ganyaye. Lemu, tumatir, gwaiba da ƴaƴan kuka suna taimaka wa hanji ya karɓi ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka kofin da ake miƙa wa yaro daga butar ƴan fada bayan cin abinci rage masa riba yake. Dambu da kopto da ake sayarwa a gefen titunan Yamai, idan an wanke hannu aka rufe kwano daga ƙura, ya fi wa yaron nan amfani a kan biskit da lemun kwalba.

Inda lamarin ke da sarƙaƙiya shi ne lokacin da biyun suka haɗu a jiki ɗaya. Maganin ba dalma kaɗai yake kamawa ba. EDTA na kwashe zink tare da ita, sai an mayar ta hanyar nama, kifi, gyaɗa da wake, ko ƙarin da likita ya rubuta. Tunda ta ƙoda gubar ke fita, sai mara lafiya ya sha ruwa sosai, musamman a zafin Afrilu da Mayu. DMSA na da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yakan tada zuciya ya kashe sha'awar abinci, sai a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan sau da yawa. Wata tsohuwar allurar fitar da dalma, dimakafurol, ba ta jituwa da ƙwayar ƙarin jini ko kaɗan, haɗuwarsu guba ce, kuma cikin man gyaɗa ake narka ta, saboda haka ba a yi wa wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. A nan ya kamata masu sikila su lura: waɗanda yawan ƙarin jini ya tara musu ƙarfe su ma ana ba su maganin fitarwa, amma ƙarfen ne abokin gabarsu, shawarar ƙara sinadarin ƙarfe ba tasu ba ce.

Ita ma ƙwayar DMSA tana da iyaka. A Amurka an gwada ta a kan yara 780 da dalmarsu ke tsakanin 20 zuwa 44, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna ta rage gubar a jini, amma ba ta ƙara musu kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da dalma ta ɓata ba ya dawowa. Ga mafi yawan yaran birni, da gubarsu ba ta kai mizanin magani ba, abinci mai kyau da raba su da tushen gubar ne kaɗai abin yi. Ga shi dalma na ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru, ta sake fitowa lokacin da mace ke da ciki ko shayarwa, musamman idan ba ta samun isasshen kalsiyam.

A ganina ƙwaya ta fi a ranar gaggawa, abinci ya fi a sauran ranaku, amma garin Bagega na Zamfara ya nuna dukansu ba su isa ba. Likitoci ba su fara ba yaran garin magani gadan-gadan ba sai 2013, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, don jinyar yaron da zai koma cikin ƙurar nan zuba ruwa ne a rariya. Hatsin da aka sussuka aka shanya a irin wannan ƙasa ma ya zama hanyar gubar. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Iyaye mata na Zongo, a daina sa wa jarirai kwallin dutse, kada yaro ya fita da safe bai ci komai ba. Idan maigida na aikin batura ko zinariya, ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa, sannan a kai yaran asibiti a nemi gwajin dalma.