Masu tsaron na'ura iri biyu, aiki ɗaya

Daga Tanut zuwa Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, ma'aikatan lafiya suna ƙidaya masu ƙyanda, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Lissafin yana shiga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, domin hukumomin Damagaram da na Yamai su gani. Idan na'ura ta tsaya, labarin annoba yakan makara, magani ma ya makara. Saboda haka ya kamata a san mutane biyu da wannan aiki ya rataya a wuyansu.

Na farko shi ne mai kula da na'urori. Shi ke tsaron babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, da layin sadarwa. Shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci hanyar shiga da kalmar sirri, ya rufe ta wanda aka canza wa wurin aiki. Kullum yana ajiye kwafin bayanai, domin wuta takan ɗauke, ƙura da zafi kuma sukan lalata kaya. Burinsa shi ne komai ya zauna lafiya.

Na biyu shi ne ma'aikacin DevOps. Sunan ya yaɗu bayan wani taro da Patrick Debois ya kira a birnin Gan na ƙasar Beljiyam a shekarar 2009. A da, masu rubuta manhaja suna son canji, masu kula da na'urori suna gudunsa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ma'aikacin DevOps yana haɗa ɓangarorin biyu. Yana rubuta umarnin da zai sa na'ura ta gwada sabon gyara da kanta kafin ya isa ga masu aiki da shi, ta kuma koma kan tsohon tsari idan an sami kuskure.

Duk da haka iliminsu ɗaya ne a wurare da yawa. Dukansu sun san tsarin Linux da hanyoyin sadarwa, dukansu suna sa ido a kan na'ura dare da rana, kuma da yawa daga ma'aikatan DevOps sun fara ne da kula da na'urori.

Hukumar da za ta ɗauki ma'aikaci sai ta duba bukatarta. Ofishin gunduma yana bukatar mai kula da na'urori a kusa. Inda ake gyara manhajar ƙasa baki ɗaya kuwa, can ne ma'aikacin DevOps yake da amfani, domin kuskure ɗaya a can yana iya tsayar da aiki har a Damargu.